Kipchoge ya tsaya a Faris: ƙarshen tafiya ke nan?

Baban Khalifa:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Wa ya kalli gudun fanfalakin maza (tseren kilomita 42) na Olamfik ɗin Faris 2024 jiya Asabar? Ni dai tun ƙarfe bakwai na safe ina gaban talabijin, Allah ya taimake ni akwai wuta. Na zauna ne in ga Eliud Kipchoge ɗan Kenya ya ɗauki zinare na uku a jere, abin da ba a taɓa yi ba. Sai ga shi tun kafin a raba tafiya biyu ya fara dafe kwiɓi, mutanen da a da ko ƙurarsa ba sa hangowa suna ta wuce shi. Wajen kilomita 30 ya koma takawa da ƙafa kamar mai zuwa kasuwa. Can ya tsaya, ya cire takalmi da riga ya miƙa wa 'yan kallo, aka sa shi a mota. Tun da ya fara fanfalaki a 2013 bai taɓa shiga tsere ya kasa kai ƙarshe ba sai jiya. Tamirat Tola na Habasha ne ya ci, awa 2 da minti 6 da daƙiƙa 26.

Har yanzu jikina a sanyaye yake. Shin ya kamata bawan Allahn nan ya rataye takalmi, ko kuwa tuntuɓe ne kawai?

Ɗan Madrid:
Wa'alaikumus salam. Yaya, kai ma dai da neman wahala. Ka zauna awa biyu kana kallon mutum yana gudu, ba ƙwallo a gabansa, ba kare a bayansa? Tsufa ne ya zo, shekara 39, ya je ya huta. Ni dama zuzutawar ta yi mini yawa. Gudu ne fa kawai.

Tsohon Soja:
Ɗana, gudu ne kawai? To bari in ba ka aiki. Filin wasan unguwarku yana da da'irar gudu, zagaye ɗaya mita 400 ne. Ka je ka zagaye shi cikin daƙiƙa 68. Sau ɗaya tak nake nema. Mutumin da kake wa dariya ya yi wannan sau 105 a jere ba tsayawa, ranar da ya gama kilomita 42 da mita 195 cikin ƙasa da awa biyu. Kusan daga Kano zuwa Wudil ke nan.

Ɗan Madrid:
Baba, daƙiƙa 68 ai minti ɗaya ne da 'yan kai. Ni da nake buga lamba bakwai? Gobe da asuba insha Allahu, zan kawo rahoto.

Tsohon Soja:
Allah ya kai mu. Ka tafi da wanda zai riƙe maka agogo, ba abokinka ba.

Malamin Wasanni:
Baban Khalifa, na kalla ni ma, tare da yarana biyu da nake horarwa a nan Jos. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba tsayawar ba ce, garin ne. A Faris ɗin nan duniya ta fara sanin sunansa. Watan Agustan 2003, gasar cin kofin duniya ta guje-guje, tseren mita 5,000. Yaro ɗan shekara 18 ya shiga tsakanin zakuna biyu, Hicham El Guerrouj na Maroko wanda ya ci mita 1,500 a gasar, da Kenenisa Bekele na Habasha wanda ya ci mita 10,000. Kowa jira yake ya ga wanne cikin biyun zai haɗa zinare biyu. Yaron ya doke su duka, tsakaninsa da El Guerrouj ko ƙiftawar ido ba ta kai ba. Shekara 21 ke nan cif. Ku lissafa 'yan ƙwallo nawa kuka sani da suke kan ganiya a 2003 kuma har yau ake sa ran su ci zinare.

Amma ga abin da masu yabonsa ba su cika faɗa ba. Bayan wannan nasarar, kusan shekara goma ya yi yana bin bayan Bekele. Tagulla a Atina a 2004, azurfa a Beijin a 2008, duk Bekele na gabansa. A 2012 kuwa ko tikitin Olamfik ɗin Landan bai samu ba, 'yan ƙasarsa suka kayar da shi a gwajin fitar da gwani. Da a ce a nan ya haƙura, yau sai masu bin diddigi irina ne za su tuna da shi. Wannan faɗuwar ce ta kore shi daga fili zuwa kan titi. Ya fara da Hamburg a 2013 ya ci, ya je Balin a shekarar ya zo na biyu, domin Wilson Kipsang ya kafa tarihin duniya a ranar. Daga nan har 2019 bai sake ganin bayan kowa a fanfalaki ba, tsere goma a jere.

Af, Bekelen ma yana cikin tseren jiya, yana da shekara 42. Ya lallaɓa ya kai ƙarshe a na 39.

Injiniya:
Malam, duk wannan na yarda. Inda nake da ja shi ne batun "ƙasa da awa biyu" da Baba ya kawo. Wannan gudun na Biyena, ranar 12 ga Oktoban 2019, ba tsere ba ne, gwajin kimiyya ne aka sa wa mutum riga. An zaɓi titi miƙaƙƙe cikin wani lambu, bishiyoyi sun tare iska, yana kai da kawo a kansa. An jira sai da masana yanayi suka ce ga ranar, ga sa'ar. Mota tana gaba tana haska layi a ƙasa don kada ya yi sauri ko ya yi sanyi. 'Yan rakiya 41, manyan 'yan gudu na duniya, suna karɓa-karɓa, wasu a gaba suna sare masa iska wasu a baya. Ruwa ma a kan keke ake miƙo masa, ba ya ratsewa ya ɗauka a tebur. Shi ya sa hukumar guje-guje ta duniya ba ta rubuta awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 ɗin a matsayin tarihi ba. Ni ban ce ƙarya ne ba, na ce kada a riƙa auna shi da abin da aka yi a tsere na gaskiya.

Ɗan Madrid:
Yauwa Injiniya! Kuma ba attajirin nan Ratcliffe ne ya biya kuɗin ba, wanda ya sayi wani kaso na Man United bana? Ai shi ke nan, duk abin da ya taɓa sai a hankali.

Baban Khalifa:
Ƙanena, kai komai sai ka ja shi zuwa ƙwallo. Eh, kamfaninsa INEOS ne ya ɗauki nauyi.

Injiniya, ka faɗi gaskiya amma ka ɓoye rabinta. An fara irin wannan gwajin a Monza ta Italiya a watan Mayun 2017, kamfanin Nike ne ya shirya. Mutum uku aka ba gata iri ɗaya, mota ɗaya, 'yan rakiya ɗaya, takalmi iri ɗaya: Kipchoge, da Zersenay Tadese na Eritiriya wanda a lokacin shi ke riƙe da tarihin rabin fanfalaki, da Lelisa Desisa na Habasha mai Boston biyu. Kipchoge ya gama a awa 2 da daƙiƙa 25. Tadese ya zo bayan fiye da minti shida, Desisa bayan kusan minti goma sha huɗu. In mota ce ke gudun, me ya hana ta ja su?

Injiniya:
Ban ce mota ce ke gudun ba, Yallaɓai. To mu zo kan takalmi. Tun da aka fito da Vaporfly, mai tattausan soso mai kauri da farantin kabon a ciki, lokutan kowa suka faɗo, maza da mata. Su kansu masu takalmin sun ce yana rage wahalar gudu da kashi huɗu cikin ɗari, har a sunansa suka liƙa. Kashi huɗu a tseren awa biyu ba wasa ba ne. Sai da hukuma ta tashi a Janairun 2020 ta ce kaurin tafin kada ya wuce milimita 40, faranti kada ya wuce ɗaya. Abebe Bikila ya ci Olamfik ɗin Roma a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, awa 2 da minti 15. Ba wanda zai iya gaya mana abin da zai yi da a ce ya samu irin wannan soson.

Tsohon Soja:
Allah ya yi maka albarka da ka ambaci Bikila. Soja ne, dogarin fadar Sarki Haile Selassie. Ya sake ci a Tokiyo a 1964, makonni kaɗan bayan an yi masa tiyatar afendis. Mu a bariki da labarinsa ake zaburar da mu lokacin gudun safe, sajan yana bayanmu da dorina.

Amma ɗana Injiniya, kana tuna Balin ta 2015? Tun a farkon tsere shimfiɗar cikin takalman Kipchoge ta zame ta fito ta bayan dunduniya, duka ƙafa biyu. Na ga hoton, suna kaɗawa kamar kunnen akuya. Bai tsaya gyarawa ba. Haka ya yi ta dukan kwalta har ƙarshe, ƙafa ta yi bororo ta fashe, ya ci tseren a awa 2 da minti 4 daidai. Ranar takalmin cutarsa ya yi. Wanda ya taɓa tafiyar kilomita 20 da but ɗin da ya ci masa dunduniya shi zai gane abin da nake faɗi.

Injiniya:
Wannan kam na sallama, Baba.

Ɗalibin Eldoret:
Salamu alaikum iyaye da yayye. Na daɗe ina karatu ban tofa ba. Shekarata ta uku ke nan ina karatu a Eldoret, kuma sansanin da Kipchoge ke atisaye, Kaptagat, bai kai tafiyar awa ɗaya a mota daga inda nake ba. Bari in gaya muku abin da idona ya gani.

Makon farko da na zo, na fito sallar asuba cikin rigar sanyi biyu, haƙorana suna kaɗawa. Sai na ji ƙasa tana amsawa, dif dif dif, kamar garken shanu. Na raɓe gefe. Mutum wajen arba'in ne suka wuce ni cikin duhu a kan jar ƙasa, sirara kamar karan dawa, ba mai magana, numfashi kawai kake ji. Na ɗauka wata gasa ake yi. Ashe kullum haka ne, kuma rukuni-rukuni ne, wannan ya wuce wancan ya ɓullo. Garin yana sama da mita 2,000 daga teku, Kaptagat ya fi haka, wajen 2,400. Ni hawa bene hawa biyu sai da na yi wata guda kafin in daina haki.

Abin da kowa ya sani a nan game da shi: daga Litinin zuwa Asabar a sansani yake kwana, iyalinsa suna cikin gari, matarsa da 'ya'ya uku, sai ƙarshen mako yake zuwa gida. Mutum mai miliyoyin daloli, amma in layin shara ko wankin bayi ya zo kansa, yi yake kamar kowa. Gudu sau biyu a rana, sama da kilomita 200 a mako. Ranar Alhamis dogon gudu, kilomita 30 ko 40. Kuma duk atisayen da ya yi sai ya rubuta a littafi da biro, shekara da shekaru. Abincin kuwa zai ba ku dariya: ugali, wato tuwon masara ne sak amma ya fi namu tauri, da ganye, da wake, da burodi, da shayi mai madara da sukari kamar ba gobe. Suna da wani nono da suke kira mursik, a cikin gora ake barinsa ya yi tsami, a sa masa garin gawayi. Na sha sau ɗaya, kindirmonmu ya fi mini.

Kocinsa ɗaya ne tun yana ɗan shekara 16, Patrick Sang, ɗan yankinsu na Nandi, wanda ya ci azurfa a Olamfik ɗin Basalona a 1992. Mahaifiyarsa malamar makarantar yara ce, ita kaɗai ta rene su, shi ne auta. Kafin gudu madara yake ɗauka a keke yana kai wa kasuwa.

Sai dai Baban Khalifa, kada a ɗauka duk wanda ya bi wannan hanyar ya isa. Mai gyara mini takalmi a bakin makaranta tsohon ɗan gudu ne, gwiwa ta kayar da shi. Irinsa sun fi a ƙirga.

Maman Ihsan:
Ikon Allah. Ƙanena, mun gode da wannan. Ni abin da ya kama ni shi ne wankin bayin. A nan mutum ya samu kansila ma ba ya ɗaukar butarsa.

Ustaz:
Salamu alaikum. Ban san gudu ba, amma akwai kalmar mutumin nan da nake gani a rigunan yara, an fassara mini ita: wai ɗan Adam ba shi da iyaka. Ni dai tun farko ba ta kwanta mini ba. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. An halicce shi mai rauni, yana da ajali, ƙarfinsa yana da ranar ƙarewa. Ga shi jiya an gani, ƙugu kaɗai ya riƙe, zance ya ƙare. Ba murna nake da abin da ya same shi ba, Allah ya ba shi lafiya. Ina dai jan hankalin yaranmu kan abin da suke sawa a ƙirji.

Maman Ihsan:
Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne ɗan Adam tara yake. Amma ina ganin ba da Mahalicci yake ja ba. Da mutanen da suka zauna da alƙalami suka ce ba za a taɓa sauka ƙasa da awa biyu ba yake. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kullum ina fama da masu hawan jini da ciwon suga. Ka ce wa mace ta riƙa zagaya tsakar gida minti ashirin da safe, sai ta ce ai ita ba za ta iya ba, jikinta ba irin wannan ba ne. Ko ɗaya ba ta kai ba, balle tara. Irin wannan iyakar da mutum ke yanka wa kansa tun bai gwada ba, ita na fahimta yake nufi.

Kuma tun da ana zancen Faris, yau da safe Sifan Hassan ta ci na mata, bayan ta riga ta ci tagulla a mita 5,000 da mita 10,000 duk a cikin kwana goma. Ba wanda ya ambace ta a zauren nan.

Ustaz:
Na ji bayaninki Hajiya, kuma ya yi ma'ana. Da dai ya ƙara da "in Allah ya so", da mun rabu lafiya.

Baban Khalifa:
Hajiya, laifina ne, a yi haƙuri. Haifaffiyar Habasha ce, Holan take wa gudu. Za mu buɗe mata nata zaren.

Injiniya:
Akwai abin da kowa ke kewayewa, bari ni in faɗa. Ƙwaya. Kenya tana cikin ƙasashen da hukumar ta sa wa ido sosai. Kipsang ɗin da Malam ya ambata an dakatar da shi shekara huɗu a 2020, kan kauce wa masu gwaji da ba da bayanan ƙarya. Jemima Sumgong da ta ci zinaren mata a Rio, a gasar da Kipchoge ya ci na maza, an kama ta da EPO, haramtaccen sinadarin ƙara kuzari, bayan 'yan watanni. To in rijiya ɗaya ake sha, ba laifi ba ne mutum ya yi tambaya.

Malamin Wasanni:
Tambaya ba laifi ba ce, Injiniya, zato ne zunubi. Shekara 21 ana ɗibar jininsa da fitsarinsa, a gasa da kuma ba-zata a sansani, ba a taɓa samunsa da komai ba. Kuma ka dubi yadda lokutansa suka sauko. Balin 2013, minti 4 da daƙiƙa 5 a kan awa biyu. Landan 2016, minti 3 da daƙiƙa 5. Balin 2018, minti 1 da daƙiƙa 39, tarihin duniya, ya zaftare daƙiƙa 78 daga na Dennis Kimetto. Balin 2022, minti 1 da daƙiƙa 9, yana da shekara 37. Tsani ne, taki-taki cikin shekara tara, a kan tushen shekara goma na gudun fili. Wanda nake ɗaga wa gira shi ne wanda ba a san shi ba bara, bana ya zo ya share kowa, baɗi ya ɓace.

Ɗan Madrid:
To ai yaron da ya karya tarihin nasa haka ya fito. Fanfalaki uku kawai ya yi.

Ɗalibin Eldoret:
Yaya, a yi hattara da wannan. Kelvin Kiptum ba a taɓa kama shi da komai ba, kuma ya riga mu gidan gaskiya. Eh, uku ya yi: Balensiya, Landan, sai Shikago ranar 8 ga Oktoban 2023, awa 2 da daƙiƙa 35. Ranar 11 ga Fabrairun bana, da dare, motarsa ta ƙwace a hanyar Kaptagat zuwa Eldoret, ya rasu tare da kocinsa ɗan Ruwanda, Gervais Hakizimana. Shekararsa 24. Hanyar da nake bi ce.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi muni da na gani tun zuwana. Kafin a binne yaron, 'yan soshiyal midiya sun yanke hukunci wai da hannun Kipchoge, wai baƙin cikin tarihinsa. Ba hujja ko ta anini. Aka yi ta zaginsa, ana barazana ga iyalinsa da dukiyarsa. Shi da kansa ya faɗa wa BBC cewa sai da ya ji tsoron 'ya'yansa su je makaranta, kuma ya yi kwanaki bai runtsa ba kafin tseren Tokiyo na watan Maris, inda ya zo na goma. Don haka in ana lissafin abin da ya kayar da shi bana, kada a tsaya kan shekaru da tuddan hanyar Basai (Versailles) da tseren Faris ya bi kawai.

Maman Ihsan:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe ba mu kaɗai ke da wannan ciwon ba. Mutum ya mutu da hatsari, sai an nemo wanda ya kashe shi.

Baban Khalifa:
Kuma da Kiptum yana raye, da su biyun ne za su sa rigar Kenya jiya. Karon da duniya ta jira ke nan, Allah bai nufa ba.

To mu dawo kan tambayata. Ya ajiye ko ya ci gaba?

Injiniya:
Ya ajiye. Alamun sun daɗe da fitowa. Landan 2020 na takwas, aka ce kunne ne ya toshe. Boston 2023 na shida, tuddai suka ba shi kashi. Tokiyo na goma, Faris bai gama ba. In ganga ta cika zaƙi, fashewa za ta yi. Yana da Landan huɗu, Balin biyar, Shikago, Tokiyo, zinaren Olamfik na Rio da na Sapporo, garin da aka yi fanfalakin Olamfik ɗin Tokiyo. Kafin shi mutum biyu ne kaɗai suka ci Olamfik biyu a jere, Bikila da Waldemar Cierpinski na Jamus ta Gabas. Me ya rage?

Tsohon Soja:
Bayan Landan 2020 ɗin da ka faɗa, haka aka ce ya ƙare. Shekara ba ta zagayo ba ya ci zinare a Sapporo cikin zafi, ya ba na biyu ratar daƙiƙa 80. Bayan Boston ma aka ce ya ƙare, wata biyar ya koma ya ci Balin. Ban ce zai sake ba, wannan karon ni ma na ga ƙafar ta yi nauyi. Amma tsohon doki sai mai shi. Ni da aka sallame ni daga aiki, abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin fansho ba ne, tashi da asuba ne ba inda za ni. Mutumin da ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana ɗaura takalmi kafin gari ya waye, ba mu ne za mu sa masa rana daga kan kujera ba. In yana so ya zo na ashirin yana murmushi, ina ruwanmu?

Kun lura da murmushin nan nasa? Sai wahala ta kai wahala yake yinsa. Jiya ban gan shi ba, a nan na san akwai matsala.

Ɗan Madrid:
To mu me ya hana mu? Ga Jos, ga Mambila, duk tsauni ne. Kullum a gudun Legas 'yan Kenya da Habasha ke zuwa su kwashe daloli muna tafa musu.

Malamin Wasanni:
Ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Jos tana wajen mita 1,200, rabin Kaptagat ke nan, Mambila ta fi mu tsawo. Amma ba tsauni ne matsalar ba. Yaran Filato, musamman na wajen Pankshin, su ne ke zuwa gaba cikin 'yan gida a kusan duk dogon tseren da ake yi a ƙasar nan. Iri akwai. Abin da babu shi ne wancan garken da ɗalibinmu ya ji yana girgiza ƙasa da asuba. Yaron Nandi yana buɗe ido ya ga maƙwabcinsa ya gina gidan bulo da kuɗin gudu, ga koci a ƙauyensu, ga mutum arba'in da za su ja shi. Nawa yaron shi kaɗai yake bin gefen titi, 'yan acaɓa suna tambayarsa wa ya biyo shi.

Shekara uku da suka wuce na kai yara huɗu wani tsere a wata jiha, ba zan kama suna ba. Kuɗin mota daga aljihuna, muka kwana a aji a kan benci. Ɗaya ya zo na biyu da kambas ɗin gwanjo wanda na ɗinke masa da zaren buhu. Aka ɗora shi a mumbari, aka ba shi wani ƙaton kwali mai siffar cak, aka ɗauki hoto da manya. Har yau kwalin yana jingine a ɗakin uwarsa, kuɗin bai fito ba. Na yi zarya sau biyar na gaji. Yaron yanzu yana haƙar kuza. In na gan shi sai in sauya hanya.

Maman Ihsan:
Kai, Malam. Allah ya saka masa. Sauran ukun fa?

Malamin Wasanni:
Biyu suna nan, su ne muka kalli tseren jiya tare. Da Kipchoge ya cire takalmin ya ba 'yan kallo, ƙaramin ya ce, "Malam, da ni ya ba." Lambarsa 41, in akwai mai tsohon kambas da bai mutu ba.

Baban Khalifa:
Akwai nawa guda biyu, ɗaya 42 ne amma da safa zai zauna. Ka turo mini sunan direban da kake ba saƙo a tasha ta akwatin sirri.

Injiniya:
A sa ni a lissafi, zan sayi sabo ɗaya. Ba mai farantin kabon ba dai.

Ɗan Madrid:
Salamu alaikum, barkanmu da safiya. Rahoto. Na je fili bayan sallar asuba, mai gadin wurin ne ya riƙe agogo kamar yadda Baba ya ce. Mita 200 na farko wallahi na ɗauka zan ba ku kunya. Daga kwana ta uku ƙafafuna suka zama na wani, ƙirjina kamar an zuba barkono. Daƙiƙa 81. Na kwanta a ciyawa, kunun da na sha ya dawo. Mai gadin ya ce in sake gwadawa, na ce masa ina da uzuri.

Tsohon Soja:
Sannu da ƙoƙari, ɗana. Saura zagaye 104, kuma ana bin ka daƙiƙa 13.

Maman Ihsan:
Wa ya ce ka sha kunu kafin gudu? Ka jiƙa tawul da ruwan sanyi ka ɗora a cinyoyin, gobe ne za ka ji su da kyau.

Ɗan Madrid:
Anti, tun yanzu ma da bango nake sauka daga bene. Baban Khalifa, ɗaya kambas ɗin lamba nawa ne?